Waiwaye: yadda mai surkulle ya fi ƙarfin teburin D&D

Duk inda matasa ke zaman wasan Dungeons & Dragons a Kaduna, ko a falon wani a Barnawa ko a tsakar gida a Unguwar Rimi, da wuya a tashi ba a yi gardama a kan mai surkulle ba. Wasa ne na kasada da ake yi a kan teburi da dayis: kowa yana jan gwarzo ɗaya mai ajinsa, wato sana'a kamar mayaƙi ko mai surkulle, yana hawa mataki-mataki, alƙalin wasa kuma shi ke ba da labari yana jan dodanni. Wani zai zo da gwarzon da ya tsinci mataki ɗaya a wannan aji, biyu a wancan, ya gama da dodon da alƙalin wasa ya kwana yana shiryawa tun mai takobi bai motsa ba. A ce masa ba haka ake nufi ba, ya miƙo waya ya ce, "Yaya, ai ga abin da littafi ya ce." Tun fitowar sabon bugun dokoki a 2024 gardamar ta ƙara zafi, har wasu na cewa son kai ne ya yi wa 'yan wasan yanzu yawa. Ban yarda ba. Maganar ta girmi yawancin masu yin ta.

Farkon labarin sananne ne. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka. Mai surkulle na wancan lokacin yana farawa da surkulle ɗaya tak a rana, da ya karanta shi ya goge daga kansa sai gobe, kuma sara ɗaya na iya kai shi ƙasa. In ya yi tsawon rai ya zama abin tsoro. Haka aka tafi har bugu na biyu na 1989.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarar 2000, lokacin bugu na uku. Mutane suna tuna shi da dayis mai fuska 20 da ya zama ginshiƙin komai. Amma a nan ne aka sassauta takunkuman da suka riƙe mai surkulle shekara 26, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne da dalilinsa mai kyau na sauƙaƙa wasa.

A bugu na biyu, kowa zai faɗi abin da zai yi kafin a san wanda zai riga wani. Idan mai surkulle ya fara karatu aka same shi da kibiya kafin ya ƙarasa, surkullen ya lalace, ya kuma tafi ke nan na ranar. Shi ya sa dole ya laɓe bayan mai garkuwa, mai garkuwa kuma ya san amfaninsa. A bugu na uku yawancin surkulle ya koma abin da ake farawa a gama a cikin juyin mutum. In abokin gaba ya matso, ja da baya taku ɗaya na ƙafa 5 ya wadatar, ko a jefa dayis na natsuwa a nemi 15 haɗe da matakin surkullen, abin da ke zama wasan yara bayan 'yan matakai.

Sai maganar girma. Da, mai surkulle na buƙatar makin gogewa 2,500 kafin ya kai mataki na biyu, mayaƙi 2,000, ɓarawo 1,250. Wato mai ƙarfi a gaba shi ne mai jinkirin tashi. A 2000 aka mayar da kowa 1,000. Da, ko mai makin basira har 18 yana iya kasa koyon surkullen da ya tsinta, domin damarsa kashi 85 ce cikin 100, yanzu kuwa duk mataki ana ba shi biyu kyauta ya zaɓa da kansa. Haddar safe da ke cin minti 10 a kan kowane matakin surkulle ta koma awa ɗaya gaba ɗaya. Hatta surkullen ƙara sauri, wanda a da yake tsufar da mutum da shekara guda, ya daina cin kowa komai. Babur ne aka cire wa birki aka ƙara masa mai.

A bugun nan kuma aka buɗe ƙofar sauya aji a kowane mataki, aka kawo baiwar zaɓi iri-iri, wato ƙwarewa ta musamman da ɗan wasa ke zaɓar wa gwarzonsa. Daga nan haɗa gwarzo ya zama wasa mai zaman kansa da ake yi da biro da takarda kafin a zo teburi. Kuma tunda an rubuta doka a kan kusan komai, hujja ta tashi daga bakin alƙalin wasa ta koma shafin littafi. Wannan ya ƙara faɗaɗa rabuwar masu bin lafazin doka da masu bin manufarta. Ina jin zafin wannan, domin yaron da ya zauna ya karanta littafi da kyau shi ake kira mai wayo, alhali abin da aka shimfiɗa masa ya bi.

Abin da ya biyo baya ƙoƙarin gyara ne. Bugu na huɗu a 2008 ya daidaita kowa da kowa, da yawa suka ce ya kashe armashi suka koma Pathfinder, wani wasa da aka gina a kan dokokin bugu na uku, a 2009. Bugu na biyar a 2014 ya hana riƙe manyan surkulle biyu masu buƙatar natsuwa a lokaci guda, amma ya ba da ƙanana da ba sa ƙarewa. Ya kuma gina lissafinsa a kan karo da abokan gaba sau shida zuwa takwas a ranar kasada ɗaya. A nan Kaduna, inda yawanci daga la'asar zuwa magariba ake samun zama, karo ɗaya ko biyu ake yi a ce gwaraza sun kwana, mai surkulle ya farka da jakarsa cike. Bugun 2024 ya taƙaita kashe gurbin surkulle, wato rabon surkullen da ake ba gwarzo a rana, zuwa ɗaya a kowane juyi, ya kuma ɗage zaɓen reshen aji, wato fannin da gwarzo zai ƙware a kai cikin ajinsa, zuwa mataki na uku don rage tsince-tsince. Amma har yanzu kibiyar ɗan baka ba ta katse karatun da ake gamawa a juyi ɗaya, kuma teburin makin gogewa guda ne ga kowa.