Daga takobin Tawa zuwa azurfar Riyo: waiwaye kan masu ɗaukar tutar Nijar

A Nijar, ɗan wasa da sunan jaharsa yake fara alfahari kafin na ƙasa. Tushen abin yana Tawa, inda a 1975 gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko, Kantu na Maradi ya kayar da maza ya tafi da takobi. Manufar sojojin lokacin ita ce haɗa kan matasa, kuma dabarar ta yi aiki ta wata hanya mai ban mamaki: kowa ya ƙara riƙe jaharsa, amma duk ƙasar ta koma kallon fili ɗaya. Yau jahohi takwas ke turo 'yan kokowa goma-goma, kasuwa ta yi sanyi, ofisoshi su yi shiru, kowa kunnensa na jikin rediyo. Wanda ya ci takobi tun daga bakin gari ake tarbarsa. Issaka Issaka na Doso ya sha wannan tarba har sau shida.

Mai zuwa waje da rigar ƙasa kuwa, labarinsa daban ne. Shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, a gasar Olamfik ta Tokiyo ta 1964, ɗan wasa ɗaya tak Nijar ta tura, ɗan damben zamani Issaka Daboré. Ya koma Meziko a 1968, sannan a Munik a 1972 ya samo lambar tagulla, ta farko a tarihin ƙasar. Babu makaɗi a bayansa, babu mai yi masa kirari, galibin 'yan kallon ma ba su san inda Nijar take a taswira ba. Daga nan ƙofa ta rufe. Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka ƙaurace wa gasar 1976 saboda wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, ba ta kuma je Mosko a 1980 ba. Lambar Daboré ta zauna ita kaɗai shekara 44.

A tsakanin nan an yi ta zuwa ana dawowa hannu wofi, sau da yawa da gayyatar alfarma da ake ba ƙasashen da 'yan wasansu ba su kai ma'auni ba. Wanda duniya ta fi tunawa shi ne Hamadou Djibo Issaka, da ya shiga tseren kwale-kwale a Landan a 2012 bayan horon wata uku kacal. Shi ya zo na ƙarshe, da tazara mai yawa, 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya kai layi. An yi gardama a kansa: wasu na ganin abin kunya ne a tura wanda bai shirya ba, wasu na ganin jarumta. A ganina duka biyun gaskiya ne, sai dai jarumtar tasa ce, kunyar kuma ta waɗanda ke zaune a bakin kogin Kwara shekara da shekaru ba su horar da matuƙin tsere ko ɗaya ba.

Ƙwallon ƙafa ce ta fara sa Yamai ta ji wa rigar ƙasa irin abin da take ji wa takobi. A watan Oktoban 2010, a wasannin neman gurbin kofin Afirka, Masar ta zo filin Janar Seyni Kountché tana riƙe da kofin Afirka uku a jere, Moussa Maazou ya zura mata ƙwallo ɗaya, aka tashi a haka. Mena, wato tawagar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta ci wasanninta uku na gida, kuma a ranar ƙarshe aka yi abin dariya: 'yan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo, suka hau rawa a fili suna zaton sun wuce, ashe ba su karanta doka da kyau ba. Sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya ake dubawa, kuma Nijar ce a sama. Haka Harouna Doula ya kai ƙasar gasar kofin Afirka ta 2012, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, kuma ta ba shi kyautar gwarzon mai horarwa na 2011. A gasar, a Gabon, an sha kashi uku, a 2013 aka koma da mai horarwa Gernot Rohr aka samo maki ɗaya a hannun Kwango. Ba wani abin a zo a gani ba ne a takarda, amma a shekarun nan ne yaran unguwa suka fara neman rigar Mena a kasuwa kusa da ta Barcelona.

Sai Abdoul Razak Issoufou Alfaga, dogon saurayin da ya riƙe tuta a bikin buɗe gasar Olamfik ta Riyo ta 2016, ya kai wasan ƙarshe na takwando a ajin masu nauyi, ya sha kaye a hannun Radik Isaev na Azarbaijan, ya dawo da azurfa. Shekara ɗaya bayan haka ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Daboré yana raye ya ga magajinsa. Sai dai a lura, a Jamus Alfaga ya yi horon da ya kai shi wannan matsayi. Gida ya ba shi suna da tuta da tarba, kayan aiki a waje ya same su.

'Yan kokowa ne kawai ba su da wannan matsala, don gida ke ƙera su. A wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a Disamban 2005, da gasannin kokowa na yammacin Afirka, an ga abokan hamayyar takobi, na Doso da na Damagaram da na Tawa, sun zama tawaga ɗaya a gaban Senegal da Najeriya. A nan ne mafarkin 1975 ya fi bayyana.

Ga Mena kuwa, gidan ma ya kuɓuce. Filin Seyni Kountché, da aka buɗe a 1989, ya kasa cika sharuɗɗan CAF, don haka wasannin gida suka koma ƙasashen mutane. A neman gurbin kofin duniya na 2026 abin ya kai ga Nijar ta karɓi baƙuncin Maroko a garin Ujda, cikin Marokon kanta, a watan Maris na 2025. 'Yan wasan sun tsaya sun rera sabon taken ƙasa da aka amince da shi a 2023 a gaban magoya bayan abokan karawarsu, suka sha kashi 2 da 1 da kyar, masu goyon bayansu kuma suna Yamai a fada, ga shayi ga talabijin.