Idan titi ya ratsa gonarka, kada ka bar takardarka yadda take

Duk wanda gonarsa ko gidansa ke bakin hanyar da za a faɗaɗa, hankalinsa yakan tafi kan diyya. Haƙƙinsa ne, ya nema. Amma a zagayen da muke yi ƙauyuka, rigimar da ta fi cin rai ita ce ta iyaka, kuma ba ta tasowa sai an zuba kwalta, 'yan kwangila sun kwashe kayansu sun tafi.

Ku dubi yadda muke rubuta takardar cinikin gona. Gabas ta yi iyaka da gonar wane, yamma da hanya, kudu da kuka. Babu awo, babu zane. Ranar da katafila ta shigo, ta tuge kukar, ta share layin gamba da bini-da-zugun da kakanni suka dasa, ta binne simintin safiyo a ƙarƙashin jar ƙasa. Ita kanta hanyar an miƙe lanƙwasarta, ta bar inda take ta koma wani wuri. To wace hanya takardar take nufi, tsohuwa ko sabuwa? Daga nan ake fara sa-in-sa tsakanin maƙwabtan da iyayensu suka yi shekaru suna gayya tare. Wani manomin kuma titin ya raba masa gona biyu, 'yar guntuwar da ta rage a tsallake ya yi sakaci da ita damina biyu, maƙwabci ya haɗa da kunyoyinsa. Kafin a ankara dillali ya yanka wurin ya sayar, domin filin bakin titi daraja yake yi nan da nan.

Ya kamata mu san abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda aikin da zai amfani jama'a, kamar titi, amma sai an ba mai wurin sanarwa. Sashe na 29 ya ɗora diyya a kan abin da ka yi a wurin: gini, rijiya, amfanin gona da itatuwan da ka raina. Ba kuɗin ƙasar kanta ake biya ba. Shi ya sa ranar ƙidaya, wato ranar da jami'ai ke zuwa rubuta abin da ke wurin, take da muhimmanci. Mangwaron da ba a rubuta ba, ba za a biya shi ba. A titunan gwamnatin tarayya kuma, irin na Abuja zuwa Kano ko Kano zuwa Maiduguri, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare hurumin hanya ne. Wanda ya sayi fili a ciki ya gina shago, ya sayi jiran rusau.

Saboda haka, da zarar kun ga masu awo suna kafa turaku ko an shafa jan fenti a bango, ku tashi tun katafila ba ta iso ba. Ka kira maƙwabtanka na kowace kusurwa da mai unguwa, ku taka iyakar tare, a auna da tef, a rubuta, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoton kowace alama da waya. A ɗaure awon da abin da aikin ba zai taɓa ba, kamar rijiya ko masallacin da ke can ciki.

Gonar gado da ba a raba ba ita ta fi ba ni tsoro. Sau da yawa babban wa ne kaɗai ake rubuta sunansa, ya karɓi diyya, ƙannensa mata da ke gidajen aure ba su ma ji labari ba. Ranar rabo kuma a ce gefen da titi ya cinye shi ne kasonsu. Wannan zalunci ne. A zauna da magada duka, maza da mata, kafin a karɓi ko sisi.

Bayan an gama aiki, takardarka tana faɗin girman da gonar ba ta da shi yanzu. Ka ɗauko safiyo mai rajista ya sake awo, ya kafa sabon siminti. Mai takardar mallaka ta gwamna ya kai sabon zanen ofishin filaye na jiharsa, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, a gyara bayanan. Mai takardar gargajiya ya je sashen filaye na ƙaramar hukuma tare da shaidar dagaci. Ka ajiye sanarwar da aka ba ka, da takardar ƙidaya, da rasitin diyya wuri guda, ka kuma nuna wa 'ya'yanka inda suke.