Zaɓen harsashi don farautar barewa da bindiga mai matsakaicin ƙarfi

Harsashi mai matsakaicin ƙarfi shi ne wanda ya fi na ƙaramar bindigar hannu ƙarfi amma bai kai na manyan bindigogin yaƙi irin su .30-06 ko .308 Winchester ba. Asalinsa na soja ne. Jamus ta yi amfani da 7.92×33 (lambar farko faɗin harsashi ce, ta biyu tsawon kwanson da ke ɗauke da albarushi, a milimita) a Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta fitar da 7.62×39 a 1943, kamfanin Remington kuma ya fara sayar wa jama'a .223 a 1964, wanda shi ne ɗan'uwan 5.56×45 na sojojin NATO. Daga baya aka samu 6.5 Grendel, 6.8 SPC, .300 Blackout, sai .350 Legend da Winchester ya fitar a 2019 domin farauta kai tsaye. Maharba na son waɗannan bindigogi saboda ba su da nauyi kuma ba sa tokarin kafaɗa sosai. Sai dai ba su da rarar ƙarfi, don haka kuskuren zaɓen harsashi da babbar bindiga za ta iya rufewa, a nan yakan ƙare da dabbar da aka raunata ta tsere ta mutu a wahale.

Ƙirar kan harsashi

Abin da ya fi nauyi muhimmanci shi ne yadda aka ƙera kan harsashin. Harsashin soja dalma ce da aka lulluɓe da ƙarfe har tsini, domin Yarjejeniyar Hague ta 1899 ta hana amfani da harsashi mai buɗewa a yaƙi. Irin wannan yana da araha kuma ya cika kasuwa, musamman a 7.62×39 da 5.56, amma yakan ratsa jikin barewa da siririyar kafa, jini bai fita da yawa ba, bin sawu ya yi wuya. Hukumomin farauta da dama sun haramta shi a kan barewa, kuma suna da gaskiya.

Akwai kuma na ƙananan dabbobi, mai siririyar riga, wato ƙarfen da ya lulluɓe dalmar, wanda aka yi shi ya tarwatse da zarar ya taɓa nama. A kan barewa yana iya fashewa a allon kafaɗa, ya bar mummunan rauni a waje bai kai huhu ba. Masu .223 ne suka fi faɗawa wannan tarkon, domin yawancin harsasan giren 50 zuwa 55 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne) irin wannan ne.

Wanda ya dace shi ne mai buɗewa a hankali: tsininsa ya baje kamar lema, gindinsa ya tsaya a dunƙule ya ci gaba da kutsawa. Mafi sauƙi shi ne mai tsinin dalma a buɗe, kuma a gudun 7.62×39 yana aiki sarai. Akwai wanda aka manne dalmarsa da rigarsa don kada su rabu, da mai shinge a tsakiya irin Partition da John Nosler ya ƙera a 1948, da kuma na jan ƙarfe zalla irin TSX na kamfanin Barnes. Idan aka ciro na jan ƙarfe daga jikin dabba, za a ga bakinsa ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya, nauyinsa kusan yadda ya fita daga bindiga.

Nauyi da gudu

Ana auna kan harsashi da giren, kuma giren ɗaya kusan giram 0.065 ne. Da kwanso ɗaya da albarushi kusan ɗaya, harsashi mai nauyi yana fita a hankali amma ya fi kutsawa, mara nauyi ya fi gudu kuma ya fi miƙewa. Matsalar ita ce kowane harsashi yana da gudun da in ya sauka ƙasa da shi ba zai buɗe ba. Ga yawancinsu wannan iyaka tana wajen mita 550 a daƙiƙa. Shi ya sa ƙara nauyi a ƙaramin kwanso ba koyaushe ne riba ba: yana iya rage nisan da harsashin zai yi aikinsa.

A 7.62×39, giren 123 zuwa 125 ne aka saba, yana fita da gudun mita 710 zuwa 730 a daƙiƙa da ƙarfin kusan jul 2,000 (jul ma'aunin ƙarfin bugun harsashi ne), abin da ya kusanci tsohuwar .30-30 Winchester ta 1895. Kafin ya kai mita 200 ya iso bakin iyakar buɗewa, don haka masu hankali sukan tsaya a mita 150. Akwai na giren 154 ga mai harbi a cikin kurmi, inda nisa kaɗan ne. Mai haɗa harsashi da kansa ya lura cewa yawancin bututun wannan bindiga faɗinsa inci .310 zuwa .312 ne, ba .308 ba.

A .223 ana zaɓen giren 60 zuwa 77 masu ƙarfin ƙira, ko na jan ƙarfe daga giren 55 zuwa 70. Nan murɗin tsagin da ke cikin bututu yake shigowa. Bututun da ke juya harsashi sau ɗaya a inci 12 ba ya iya daidaita dogon harsashi, sai a ga ramin da ya huda takardar gwaji ya fito a kwance maimakon zagaye. Murɗin 1:9 yana riƙe har wajen giren 69, na 1:8 da 1:7 su ne na giren 75 da 77. Tsawon harsashi ne ainihin abin lura, kuma tunda jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, na jan ƙarfe ya fi tsawo a nauyi ɗaya.

6.5 Grendel da giren 120 zuwa 123 shi ne ya fi riƙe gudu a nesa saboda siririn jikinsa, har mita 300 yana da abin faɗa. 6.8 SPC yana tafiya da giren 110 zuwa 120.

.300 Blackout ya fi ruɗar mutane, domin iri biyu ake sayarwa. Na giren 110 zuwa 125 ya fi sauti gudu kuma ya isa barewa a kusa. Na giren 200 zuwa 220 an yi shi ne ya yi ƙasa da gudun sauti don rage ƙara, ƙarfinsa wajen jul 700 ne kawai, kuma yawancinsu ba sa buɗewa ko kaɗan sai waɗanda aka ƙera musamman don haka. Ganin babban adadi a jikin kwali ba hujja ba ce.

Girman dabba da doka

Barewa iri-iri ce. Ƙaramar barewar Turai da wuya ta wuce kilo 30, barewa mai farar wutsiya ta Amurka ta Arewa ta ninka ta, namijin jar barewa kuwa yana haura kilo 150, kuma irin wannan ya fi ƙarfin yawancin waɗannan harsasai. Dokoki sun bi wannan bambanci. A Jamus ƙaramar barewa na bukatar jul 1,000 a nisan mita 100, manyan kuwa faɗin milimita 6.5 da jul 2,000. A Ingila da Wales dokar barewa ta 1991 ta gindaya faɗin inci .240 da ƙarfin kusan jul 2,300 a bakin bindiga ga yawancin nau'o'i, abin da ya fitar da .223 da 7.62×39. A Amurka kowace jiha da dokarta: wasu sun hana .223, wasu kamar Ohio sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso irin .350 Legend, Kalifoniya kuma ta hana dalma a duk farauta tun Yulin 2019.

Gwaji kafin fita

Harsasai biyu masu nauyi ɗaya daga kamfanoni daban na iya sauka wuri daban a takarda, don haka duk wanda ya sauya harsashi sai ya sake saiti. Gudun da aka rubuta a kwali yawanci daga dogon bututu aka auna shi, gajeren bututu mai inci 16 ko ƙasa yana rage shi, iyakar nisa ma ta ragu. Wurin saiti mafi aminci shi ne bayan ƙafar gaba lokacin da dabbar ta ba da gefe, inda harsashi zai ratsa haƙarƙari ya sami huhu biyu ba tare da ya haɗu da babban ƙashi ba. Idan dabbar ta juya baya ko ta tsaya a karkace sosai, mai irin wannan bindiga ya jira ta gyara tsayuwa.