Haidirojin Feroksaid

Haidirojin feroksaid, wanda a kemis da asibiti ake taƙaitawa a ce "haidirojin" kawai, sinadari ne mai ruwa-ruwa da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi a fata, a cikin baki da kuma jikin kayan aiki. A rubuce H2O2 ne, wato kaman ruwa ne aka ƙara masa ƙwayar oksijin ɗaya, kuma wannan ƙarin ne ke hana shi zama lafiya, da ya samu dama sai ya warware ya koma ruwa da iskar oksijin. Tsantsarsa yana da ɗan shuɗi-shuɗi, ya fi ruwa kauri, sai zafi ya kai wajen digiri 150 yake tafasa, amma wanda ake sayarwa an tsarma shi sosai, a ido ba ka raba shi da ruwa.

Masu harhaɗa magunguna sun kasa masu yaƙi da ƙwayoyin cuta gida-gida. Akwai antibayotik da ake sha ko a yi allura, akwai na shafawa a fata irin su sifirit da aidin da jibi (GV, shuɗin ruwan nan da ake shafa wa ciwo), sai na wanke kaya da ɗaki. Haidirojin yana cikin biyun ƙarshe, ba na sha ba ne.

Tarihi

Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis Jacques Thénard, shi ya gano shi a 1818 lokacin da yake haɗa sinadarin bariyom feroksaid da asid, sai ya ga ya samu wani ruwa mai oksijin fiye da kima, ya sa masa suna da Faransanci mai ma'anar "ruwa mai oksijin", kuma har gobe da wannan sunan ake tambayarsa a ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da Nijar. Shekaru da dama an ɗauka ba zai yiwu a samu tsantsarsa ba tunda duk wanda ya gwada sai ya ga ya lalace masa a hannu, ashe ɗan ɓurɓushin ƙarfe da dattin da ke cikin ruwan ne ke ruguza shi. Sai a 1894 Richard Wolffenstein ya tace shi a Jamus ya fitar da tsantsa. A wannan shekarar dai Henry Fenton a Ingila ya nuna cewa in haidirojin ya haɗu da baƙin ƙarfe yana samun ƙarfin ruguza wasu sinadarai, binciken da daga baya ya zama tushen fahimtar yadda yake kashe ƙwayoyin cuta.

Shigarsa aikin likita ta zo ne wajen tsakiyar ƙarni na 19 zuwa ƙarshensa, zamanin da likitocin Turai suka fara yarda cewa ƙazanta ce ke kashe majinyata bayan tiyata. Ignaz Semmelweis ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1847, Joseph Lister ya fito da hanyar amfani da asid na kabolik a tiyata a 1867, shi kuma haidirojin ya samu karɓuwa saboda ba ya wari kuma ba ya barin komai a baya sai ruwa. Arharsa ta yau ta samo asali ne daga hanyar samar da shi ta amfani da wani sinadari mai suna antarakwinon, wadda aka ƙirƙiro a kamfanin BASF na Jamus a shekarun 1930, ita ce kusan duk duniya ake bi yanzu, kuma mafi yawan abin da ake samarwa ma ba kemis yake zuwa ba, masana'antun takarda da yadi ne ke kwashe shi don faranta kaya.

Yadda yake aiki, da maganar kumfa

Yana sakin wasu ƙwayoyin oksijin masu zafin nama da ke yaga bangon ƙwayar cuta su lalata furotin da sinadarin gadonta, shi ya sa yana taɓa bakteriya da bairos da fangas, in an ƙara masa ƙarfi da lokaci har ƙwayoyin da suka ƙulle kansu cikin ɓawo. Jikin mutum ma yana yin nasa, fararen ƙwayoyin jini da shi suke ƙona abin da suka kama, zuma ma tana fitar da shi kaɗan-kaɗan.

Duk wanda aka taɓa ɗiga masa shi a ciwo ya san yadda wurin ke yin fari fat yana tsiiii, kumfa na tasowa da ƙasa da busasshen jini, a bi da auduga a share. Mutane da yawa sun ɗauka ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa, wai yawan kumfa yawan cuta. Ba haka ba ne, kuma ya kamata a san wannan. Wani sinadari ne mai suna katales da ke cikin jini da naman mutum, wanda Oscar Loew ya raɗa wa suna a 1900, yake farfasa haidirojin ɗin nan take, kumfar iskar oksijin ce ke fita, ko lafiyayyen jini aka ɗiga wa sai ya yi. Kenan a cikin ciwo ƙarfinsa na ƙarewa da wuri, amfanin kumfar shine ɗago datti. A ɗakin gwaji da wannan kumfar ake raba bakteriyar Staphylococcus mai katales da Streptococcus marar shi.

Ƙarfinsa

Na kemis kashi 3 ne ko kashi 6 cikin 100. A jikin kwalba akan rubuta bolum 10 ko bolum 20, ma'ana cokali ɗaya na ruwan zai iya fitar da iskar oksijin cokali 10 ko 20. Mai kashi 30 zuwa sama na masana'anta ne da ɗakin gwaji, yana ƙona fata.

Amfani

Wankin farko na ƙazamin ciwo, kurkure baki bayan an tsarma shi, laushin dauɗar kunne, da tsaftace kayan tiyata da tururinsa. A haɗin ruwan goge hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya akwai kashi 0.125 nasa, aikinsa tsare haɗin ne daga gurɓata.

Haɗari da saɓani

An daɗe ana saɓani kan zuba shi a ciwo. Gwaje-gwaje sun nuna yana kashe sabbin ƙwayoyin naman da ke haɗe miki, don haka jagororin jinya da yawa sun koma ga ruwan gishiri na asibiti ko tsaftataccen ruwa, wasu likitocin kuma na ganin ba laifi a yi amfani da shi sau ɗaya a farko. Inda babu gardama shine ba a ɗura shi cikin rami mai zurfi ko rufaffen wuri a jiki, domin iskar kan shiga jijiya ta toshe jini, kuma ba a sha, masu tallar mai kashi 35 a matsayin maganin kansa ko wankin ciki sun jawo asarar rayuka. Yawan kurkure baki da shi kan sa harshe ya yi baƙi na ɗan lokaci.

Ajiya

A kwalba mai duhu, a rufe, nesa da rana da zafi da hannun yara. Wanda aka buɗe ya jima a kanta ko a tagar ɗaki ƙarfinsa na raguwa har ya kusa komawa ruwa zalla.