Gyambo da ƙaiƙayin al'aura waɗanda ba saduwa ke kawo su ba

Waɗannan lalurori ne na fatar gaba da matsematsi da ke samun mace ko namiji, yaro ko babba, ba tare da an ɗauko su wurin kwanciya ba. A Maraɗi, kamar sauran ƙasar Hausa, akan tara su duka a ce "sanyi" ne. Sunan nan na sa a sha magani guda ga cututtuka iri-iri, yana kuma sa miji da mata su shiga zargin juna a kan abin da zufa ko sabulu ya haddasa.

Zafi da kayan shafa

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maraɗi kan wuce digiri 40. Zufa ta kwanta a matsematsi, ɗan kamfai na roba ya hana iska shiga, fata ta saɓule ta yi ja, makero ya samu wurin zama. Haka ma ƙwayar kandida, dangin yis ɗin burodi, wadda dama tana jikin mutum ba ta cutarwa sai ta yi yawa. Alamarta ƙaiƙayi mai tsanani da farin ruwa mai gudaji kamar kindirmo. Kusan mata 3 cikin 4 kan gamu da ita ko sau ɗaya a rayuwa, galibi da juna biyu ko bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. In ta riƙa dawowa, ko ta kama kan gaban namiji, a auna suga.

Wani lokaci tsaftar ce ke wuce gona da iri. Tsarki da sabulu mai ƙamshi ko Dettol, matsi da alif, cusa kayan mata, duk suna ƙona fatar wurin, wadda ba ta da kauri. Aski da tsohuwar reza kan bar ƙuraje da maruru. Ƙazuwa kuwa shimfiɗa da tufafi sun isa su yaɗa ta, kuma ƙaiƙayinta da dare ya fi tashi.

Tsargiya

Wannan ita aka fi mantawa da ita, don an saba ganinta a matsayin fitsarin jini na yara maza. Tsutsarta na girma a jikin dodon koɗi na ruwan da ke kwance, irin na tabkunan damina, tabkin Madarumfa da hanyoyin ban ruwa na Jiratawa. Yarinya ta shiga wanki ko wanka, tsutsar ta huda fata ta shige. Ƙwayayenta kan maƙale a mafitsara, su kuma maƙale a bakin mahaifa da farji, inda suke kawo ƙaiƙayi, ruwa, ɗigon jini, gyambo, har da tsiro mai kama da na cutar saduwa. An ƙiyasta mata da ƴan mata miliyan 56 ke ɗauke da ita a Afirka kudu da Sahara. Sai ka ga budurwar da ba ta san namiji ba tana shan maganin sanyi wata da watanni, ga kunya, alhali firazikwantel take buƙata. Maganin na kashe tsutsa, amma tabon da ya daɗe ba lalle ya goge ba.

Sauran dalilai

Wasu magunguna, musamman Bactrim da Fansidar, kan fito wa wanda jikinsa bai karɓe su ba da miki zagayayye a gaba ko leɓe. Duk sanda ya sake sha, a wuri guda mikin ke dawowa, ya bar baƙin tabo. Mai yoyon fitsari kuma fitsarin ne ke cin fatarta, kuma akwai cibiyar aikin yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi, tun 2012. Cutar Behçet, wadda likitan Turkiyya Hulusi Behçet ya bayyana a 1937, na haɗa gyambon baki da na gaba da ciwon ido. Matan da al'ada ta ɗauke musu kan yi fama da bushewar wurin.

Kulawa

A yi tsarki da ruwa zalla, a tsane, a sa kamfai na auduga, a bar susa. Kandida na jin kilotirimazol, ƙazuwa kuma sai an shafa wa ƴan gida duka magani an wanke shimfiɗa. Man shafawa mai kotizon da masu tallar magani ke sayarwa yana kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, sannan makero ya ƙara faɗi.

Ido kaɗai bai isa ya raba waɗannan da tunjere ba, wanda gyambonsa ma ba ya zafi, don haka duk miki a buɗe sai an kai shi likita an auna jini. Zazzaɓi, kumburi mai mugunya, juna biyu, ko ciwon a jikin ƙaramin yaro, ba a jira da su. Farin tabo ko gyambon da ya ƙi warkewa a jikin dattijuwa kuwa akan yanki ɗan nama a bincika, saboda sankara kan fara da irin wannan kama.