Inabin Chardonnay da Pinot Noir: Amsar Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tun da hotunan ƙananan gonakin inabi na Faransa suka fara yawo a WhatsApp, haɗe da kuɗin da ake sayar da amfaninsu, tambayoyi iri ɗaya ake ta turo mini dare da rana. Sana'ata noman 'ya'yan itace ce da ba manoma shawara. Ga amsoshin a wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Mene ne chardonnay da pinot noir?

Irin inabi ne guda biyu. Chardonnay fari ne, in ya nuna yakan yi kore mai ratsin rawaya. Pinot noir baƙi ne. Gidansu yankin Bargandi da ke gabashin Faransa, musamman gangaren tudun da ya miƙe kudu da birnin Dijon. Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 1999 ya nuna pinot ne ya haifi chardonnay, tare da wani tsohon iri mai suna gouais blanc.

Na ci ne, irin wanda ake sayarwa a kasuwa?

A'a. Giya ake yi da su. Ƙwayoyin ƙanana ne, cike da 'ya'ya, ruwa ya fi tsoka yawa, kuma ba sa jure kwana a kwando. Zaƙi kam akwai, har ya fi na inabin ci, amma ba mai sayen su don ya kai wa iyali tsaraba.

To me ya kai Musulmi magana a kan inabin giya?

Wannan tambayar ta ishe ni. Ba na sha, ba na sayarwa, ban kuma ce wani ya yi ba. Haramcin giya a bayyane yake, kuma malamai sun yi bayani a kan mai matsa ta da mai sayar da inabi ga wanda ya san giya zai yi da shi. Wanda ke da tambaya a wannan fannin ya je wurinsu, ni ba mai fatawa ba ne. Abin da ya sa nake magana shi ne akwai masu yawo suna tallar dashe da waɗannan sunaye, suna nuna wa manomi farashin Turai a waya. Na ga gonar wani dattijo da ya sayar da shanu biyu ya sayi irin wannan dashen: ganye shar, rassa sun cika waya, amma duk curin da ka ɗaga sai ka tarar rabinsa ya ruɓe yana ɗigar ruwa, ƙudaje na bi. In mun yi shiru, gobe wani ne.

Me ya sa kullum ake cewa sai wuri mai sanyi?

Saboda iri ne masu saurin nuna. A wuri mai zafi sukari yakan taru cikin ƙwaya da gaggawa, tsamin ya zube, ƙamshin bai kai ga haɗuwa ba, sai a girbe abu mai zaƙi kawai. A wuri mai sanyi nunar takan tafi a hankali, kusan kwana 100 daga fure zuwa girbi, rana ta ƙara zaƙi, sanyin dare ya riƙe tsami. Masana na kiran wuri mai sanyi idan matsakaicin zafinsa daga Afrilu zuwa Oktoba yana wajen digiri 13 zuwa 15. Ku lura, matsakaici na ce, dare da rana a haɗe, na tsawon wata bakwai.

Chardonnay ya fi haƙuri, yana rayuwa a wurare masu ɗumi, sai dai ɗanɗanonsa ya canza. Pinot noir ba ya yafiya. Fatarsa siririya ce, ƙwayoyin a matse suke jikin juna, iska ba ta ratsa curin. Rana ta yi yawa ya ƙone, ruwa ya yi yawa ya ruɓe.

Sanyin ba ya kashe shi?

A hunturu a'a, barci yake yi, ya zubar da ganye ya zama kamar busasshen icce. Haɗarin yana zuwa ne bayan ya farka. Duka biyun suna tohuwa da wuri, to in raɓa ta daskare a kan sabon toho, amfanin shekara ya tafi a dare ɗaya. Haka ta faru a farkon Afrilun 2021. Ɗumi ya zo da wuri a ƙarshen Maris, kuringa, wato itacen inabin, ta tohu, sai sanyi ya dawo ƙasa da sifili. Manoman Chablis da sauran Bargandi suka jera gwangwanayen kakin kyandir tsakanin kunya da kunya, suka kunna su da tsakar dare, suna tsaye suna duba ma'aunin zafi har gari ya waye. Wasu suka yi ta fesa ruwa don ƙanƙara ta lulluɓe tohon ta kare shi. Duk da haka amfanin Faransa na wannan shekarar yana cikin mafi ƙanƙanta da aka gani cikin shekaru masu yawa. Mai nuna muku farashi a waya ba ya nuna muku wannan daren.

Me ya sa amfanin ƙaramar gona ya fi tsada?

Don kaɗan ne, kuma da hannu ake komai. A Bargandi ana dasa kuringa wajen 10,000 a hekta ɗaya, a yi mata aski mai tsanani, wani lokaci har a yanke ɗanyun curi a zubar don sauran su nuna da kyau. Doka ma ta ƙayyade yawan abin da za a ɗiba: a filayen pinot noir mafi daraja ƙa'idar lita 3,500 ce ta giya a hekta. Filin Romanée-Conti da ake ta ambata bai kai hekta biyu ba. Clos de Vougeot, wanda limaman Kirista na Cîteaux suka kewaye da katanga tun ƙarni na tsakiya, hekta 50 ne, amma masu shi sun kai wajen 80, saboda sayarwa da rabon gado. Wani layuka kaɗan ne nasa. Filayen yankin masu suna da iyaka 1,247 ne UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Sunan wurin ake saya, ɗan'uwa, da ɗaruruwan shekarun da aka yi ana gwada wace ƙasa ke ba da me. Tun 1395 sarkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tuge inabin gamay don pinot ya samu wuri. Ko ka shuka iri ɗaya sak, wannan sunan ba zai biyo dashen ba.

Faransa kaɗai ake nomansu?

A'a. Akwai kwarin Willamette a jihar Oregon ta Amurka, inda David Lett ya dasa pinot noir a 1965. Akwai Central Otago a Niyu Zilan, da tsibirin Tasmaniya a Ostareliya. A Afirka akwai kwarin Hemel-en-Aarde kusa da Hermanus a Afirka ta Kudu, inda iskar teku ke sanyaya gonaki. Dukansu nesa suke da tsakiyar duniya, suna da hunturu na gaske.

Amma Jos da Mambila akwai sanyi. Zan iya shukawa a can?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce e ko a'a kai tsaye ba.

Tsirowa zai tsiro. Kuringar inabi ba ta da wuyar kamu. Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, Mambila ta fi ta, wajen Gembu ana kaiwa mita 1,500 zuwa sama, kuma darensu na da sanyi. Ta wannan gefen kana da ɗan abin riƙewa. Matsalar ita ce sanyinmu da nasu ba lokaci ɗaya suke zuwa ba, ba kuma aiki ɗaya suke yi ba. A can kuringa na barci wata uku zuwa huɗu cikin sanyin da ke kusa da daskarewa, sannan ta farka gaba ɗaya, ta yi fure tare, ta nuna tare. A nan ba ta samun wannan barcin. Sai ta yi ta tohuwa bi da bi, wani reshe na fure wani na nuna.

Akwai dabara. Manoman Nashik a Indiya da na kwarin São Francisco a Burazil suna yi wa kuringa aski sau biyu a shekara, su tsige ganye, su rage ban ruwa, su shafa wa idon reshe wani magani mai tilasta toho, don amfani ya faɗo cikin rani. Yana aiki. Amma maganin mai guba ne, yana son safar hannu da horo, kuma irin da suka fi dacewa da wannan tsarin masu jure zafi ne. Pinot noir ba ya cikinsu. Chardonnay zai fi shi ɗaga kai, wataƙila, in ƙasar na tsane ruwa.

Sai damina. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, Mambila ta fi haka kuma daminarta ta fi tsawo. Cutar fumfuna mai bin ganye ba abin da take so kamar ɗumi da laima, kuma curi a matse mai siririyar fata shi ne abincinta. Za ka yi ta feshi. In ka kauce wa damina ka kai nunar cikin hunturu, sanyin dare zai taimake ka, amma in ta zarce zuwa Maris zafin bazara ya riske ka. Ƙara da gara, da tsuntsaye, da kuɗin turaku da waya, da shekara uku kafin ka ga amfanin kirki.

A ce duk ka tsallake waɗannan. Wa za ka sayar wa? Ba na ci ba ne, mai matsa giya ne kawai ke nemansa, ka kuma koma kan tambayar da na ce ka kai wa malamai. In sha'awar gwaji ce ke damunka, dasa goma a gefen gona, ka rubuta ranar aski da ranar fure da ranar nuna na shekara uku, ka kawo mu duba tare. In abin ciyar da iyali kake nema, kwantar da hankalinka, ba ka rasa komai ba. Manoman ƙaramar hukumar Kudan a jihar Kaduna suna noman inabin ci kuma yana shiga kasuwa. Je ka ga yadda suke yi.

Zan iya shuka 'ya'yan da ke cikin ƙwayar?

A'a. Abin da zai fito ba zai yi kama da uwarsa ba. Reshe ake yanka a dasa, ko a yi masa aure. Tun da ƙwaron filoksera ya cinye saiwar gonakin Turai daga shekarun 1860, kusan duk kuringarsu a kan saiwar inabin Amurka aka aura ta.

Gaskiya ne ɗumamar yanayi na taɓa su?

Gaskiya ne. Garin Beaune da ke Bargandi yana da tarihin ranakun girbi tun 1354, kuma ya nuna daga 1988 zuwa 2018 girbi ya matso da kusan kwana 13. Shi ya sa ake ta dasa waɗannan iri a kudancin Ingila. Masu shi suna gudu arewa neman sanyi, kai kuma ana ce maka ka dasa a Kazaure.

Wani ya ce zai kawo mini dashe daga waje a jaka.

Kada ka karɓa. Shigo da tsiro sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, don a reshe da saiwa cuta ke tafiya, kuma gonar maƙwabcinka ma za ta kama. In dashen inabin ci kake so, tambayi malamin gona na yankinku ko ka je reshen cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itace ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda a jihar Kano su ba ka shawara kafin ka fitar da ko sisi.