Farantin sanyaya samfur a maikroskof na ilektron

Farantin sanyaya samfur ƙaramin dandamali ne na ƙarfe da ake ɗora abu mai danshi a kansa cikin maikroskof na ilektron, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa da ke amfani da ƙwayoyin lantarki (ilektron) maimakon haske, domin a duba shi ba tare da ruwan jikinsa ya tsere ba. A na'urar da aka saba, sai an zuƙe iskar cikinta kusan ƙaf kafin ilektron su iya tafiya, kuma a irin wannan wuri ganye ko ƙwayar halitta nan take suke bushewa su yamutse.

Gerasimos Danilatos, wanda ya yi aikinsa a Ostireliya, shi ne jigon ƙera nau'in da ake kira ESEM, wanda ke barin tururin ruwa kaɗan a kewayen samfur. Sai dai tururin shi kaɗai bai wadatar ba. A ma'aunin zafi digiri 20, ruwa na bukatar matsin tururi kusan faskal 2,300 (faskal ma'aunin matsi ne) kafin ya daina ƙafewa, kuma wannan yawan tururi yana warwatsa ilektron har hoto ya dushe. Idan aka sauko da samfur zuwa digiri 5, faskal 870 ko kusa da haka sun isa. Wannan sanyayawa ita ce aikin farantin, kuma yana amfani da dabarar da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834: wutar lantarki in ta ratsa mahaɗar ƙarafa iri biyu, gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya ɗau zafi. Wajen daidaita matsin tururi gwanintar mai aiki take fitowa, don ƙarin matsi kaɗan zai sa raɓa ta lulluɓe samfur, ragi kaɗan kuma ya fara busar da shi. Ƙasa da faskal 611 ruwa ba ya zama a narke sam.

Amfanin wannan ya shafi yankinmu sosai. Baƙar ƙasar karal ta kewayen Marwa a arewacin Kamaru, inda ake dasa masakwa bayan damina, tana da yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, ya tsattsage da rani. Da wannan faranti ana iya jiƙa ɗan gutsurenta sannan a busar da shi, ana kallon yadda yake sauyawa. Haka ma zaren audugar Garwa, da dihe, wani gansakuka da ake ci, wanda matan Kanem ke ɗiba a ƙananan tafkuna kusa da Tafkin Cadi.

Akwai wata hanya dabam, ta daskarar da samfur cikin gaggawa da taimakon ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. Ita kam tana tsayar da komai cak, ba ta nuna motsin ruwan.